Rungumar Baba Koci

Kafin ya buɗe shagonsa na gyaran firji, sai ya fara biyawa ta filin ƙwallon kwando da ke bayan makarantar unguwarmu. Yakan jingine tsohon babur ɗinsa a jikin waya, ya ciro tsintsiya daga inda yake ɓoye ta a bayan tankin ruwa, ya share tsakuwa da ganye daga wannan kwando zuwa wancan. In ya gama sai ya tsaya ƙarƙashin kowane zobe, ya ɗaga kai yana duba ko wani noti ya kwance. Daga nan ya wuce shago, ya yini da kunnensa a jikin firjin mutane yana sauraron gurnaninsu. In rana ta yi sanyi ya ja ƙofa ya rufe ko da akwai mai jira, ya ɗaure buhun ƙwallaye a bayan babur, ya koma fili. Haka yake yi tun ina 'yar makaranta har na haifi 'ya'yan da suka fi ni tsawo, ba albashi, ba lambar yabo. A watan jiya gwiwa ta ce masa ya isa haka, ya miƙa usur ɗinsa ga ɗaya daga cikin tsofaffin yaransa.

Yaran ƙungiyar unguwa Baba Koci suke ce masa. Sauran ƙungiyoyi kuwa Rungumau suke kiransa, kuma ba don ƙauna suka raɗa masa ba.

Ni tela ce. Da ban san komai game da wannan wasa ba sai cewa dogaye ne ke yinsa kuma takalmansu na ƙara. Ƙanena ne ya jawo ni ciki, autanmu, wanda tun yana yaro muke ce masa Tsani don shi ke sauko mana da duk abin da ke kan kabad. Tsayin nan ne ya sa wata masana'antar sabulu ta ɗauke shi aiki, da safe yana sashen lodi, da yamma yana buga wa ƙungiyarsu. Ba wanda ya taɓa faɗa masa ƙarara, amma kowa ya sani: ranar da ƙungiya ta gama da shi, ranar sashen lodi ma zai gama da shi. Ga shi ya yi aure, matarsa har ta fara nauyi.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda abin yake. In ɗan wasa ya tashi zai jefa ƙwallo a kwando aka yi masa keta, alƙali zai tsayar da wasa, a kai shi kan wani layi, a ba shi jifa biyu ba mai tare shi. Shi ake kira jifan kyauta, kowane ɗaya maki guda. Ana yin haka ne don a hukunta mai keta. To amma in wanda aka yi wa ketar bai iya jifan ba, hukuncin sai ya juya ya koma kansa. Tsani kuwa, in ya karɓi ƙwallo a ƙarƙashin kwando, sai dai ka yi addu'a. In aka tsayar da shi a kan layin nan shi kaɗai, jama'a na kallo, sai ka rantse da ido a rufe yake jifa. Ƙarar ƙarfen zobe har a titi ake jin ta.

Baba Koci ne ya fara gano haka. Duk sanda wasa ya kusa ƙarewa, Tsani na karɓar ƙwallo sai ka ga wani ya rungume shi ta baya kamar ɗan'uwan da ya dawo daga doguwar tafiya. Alƙali ya busa, Tsani ya je layi, ya zubar. A sake, ya sake zubarwa. Ba a jima ba sauran ƙungiyoyi suka kwaikwaya, har kocin masana'anta ya koma zaunar da shi a benci daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Abin da ya fara ba ni mamaki a kan keken ɗinkina na gan shi. Duk wasan da aka yi, Tsani zai kawo mini rigarsa a yage, wani lokaci har da sawun farce a wuyansa. Amma in da yaran Rungumau aka buga, waɗanda suka fi kowa kama shi, rigar sai ta dawo lafiya lau, ko zare ɗaya bai zame ba. Na juya abin a raina na kasa warwarewa. Ni kuwa ba na iya kwana da tambaya a ciki, don haka wata rana na ajiye almakashi na nufi shagonsa.

Na tarar da shi tsugune a bayan wani firji. Na gaishe shi a daƙile, na ce ni ce yayar Tsani.

"Na gane ki, ai goshinku ɗaya," in ji shi. "Zauna, 'yata. Ki yi a hankali da kujerar nan, ƙafarta ɗaya ta fi sauran wayo."

Na ce, "Baba, tambaya ce ta kawo ni. Abin nan da kake sa yaranka suna yi wa ƙanena, dabara ce ko mugunta?"

Bai ji haushi ba. Ya goge hannu, ya ɗebo notuna daga wani gwangwani ya zube a kan tebur.

"In ƙaninki ya karɓi ƙwallo a gindin kwando sau goma muka zuba masa ido, zai ci bakwai ko takwas. Kowace maki biyu." Ya ware tsibi babba gefe guda. "In kuma muka rungume shi sau goman nan, jifa ashirin ke nan. Zai ci shida, in ya tashi da sa'a bakwai." Ya ware ɗan ƙaramin tsibi. "To, a ce ke ce ke riƙe da yarana, wanne za ki zaɓa?"

Na kalli tsibin nan biyu, na ji takaici, don ni ma da nake yayarsa ƙaramin zan zaɓa.

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga," in ji shi. "Ni ban tsaga bangon ba, gani na yi."

Na ce, to in abin haka yake da riba, me ya hana shi yi tun daga farkon wasa har ƙarshe? A nan fa ya gyara zama, na ga alama tambayar ta yi masa daɗi. Ya ce kowace runguma rubuta ta ake yi a kan wanda ya yi, in ta kai biyar an kore shi daga wasan, kuma shi ba yara gare shi kamar yashi ba. Ya ce duk sanda aka busa, agogo tsayawa yake, wanda kuwa ke gaba da maki ba abin da yake so irin agogo ya gudu. Ya ce wani lokaci jifan zai daki zobe ya dawo hannun abokan mai jifan, ka tashi ba tsuntsu ba tarko. Sannan ƙafafun yaransa sanyi suke yi da yawan tsayuwa, 'yan kallo kuma su fara hamma suna tafiya.

"Wanda ya yi ta ba lissafi, wauta ya yi," in ji shi. "Wanda ya ƙi ta saboda a ce masa mutumin kirki, shi ma yaransa ya zalunta. Suna zuwa nan da gumi, wasu ba su da ko takalmin kirki. Ba zan ce musu mu faɗi don kada a zage ni ba."

Na tambaye shi maganar riga. Ya yi murmushi ya koma bayan firjinsa, ya ce in tambayi yaran.

Na kuwa tambaya. Wani direban bas da ya taɓa buga masa ya ba ni labari, ya ce akwai yammacin da ba sa taɓa ƙwallo sam, kama juna kawai suke koyo. Dokar Baba ita ce: sai ƙwallo ta shiga hannun mutum, kuma hannunsa za ka nufa, ba wuya ba, ba riga ba. In ka kama shi yana sama, kai za ka sauke shi ƙasa a kan ƙafafunsa.

"Ni da kaina na taɓa ture wani ya faɗi a wasan ƙarshe na gasa," in ji direban. "Alƙali bai kore ni ba, Baba ne ya kore ni. Muka rasa kofin ina benci ina kuka. Wata guda ban gaishe shi ba. Yau kuwa in na hango babur ɗinsa, tsayawa nake ya wuce, fasinja su yi ta surutu."

Tsohon alƙalin wasan da ya fi kowa busa musu ya ce shi dai har gobe bai son wannan dabara, don tana mayar da wasa mai daɗi kamar layin asibiti. "Amma ki rubuta wannan," in ji shi. "Duk shekarun da na yi ina busa, ban taɓa ganin an fitar da wani a sumame ko yana ɗingishi daga hannun yaran mutumin nan ba. Masu kwaikwayonsa rabin karatun suka ɗauka."

Kai ne, Baba, ka ɗauki abin da kowa ke yi da haushi ka mayar da shi sana'a mai ƙa'ida. Rungumau, mai kama mutum ya sauke shi lafiya. Da a nan labarinka ya tsaya ma da na jinjina maka, ko da da ɗan cije baki.

Wata safiya na fita da wuri zan kai ɗinki, hanya ta bi da ni ta bayan makaranta. Sai na hango wani zanƙalele a kan layin jifa, ya ware ƙafafu, ya sunkuya, ya riƙe ƙwallo da hannu biyu a tsakanin gwiwoyinsa kamar mai ɗiban ruwa a rijiya. Ya watso ta sama daga ƙasa, ta tafi a hankali, ta faɗa raga. Tsani ne. A ƙarƙashin kwando kuwa Baba Koci ne ke bin ƙwallo da gwiwarsa mai ciwo, yana jefo masa.

Ashe tun washegarin ranar da aka fara rungumarsa dattijon ya je har ƙofar masana'anta ya jira shi. Ya ce ya miƙo hannun dama, ya lanƙwasa wuyan hannun, ya ga ba ya kaiwa. Tsani ya taɓa faɗowa daga keke yana ƙarami, hannun ya karye ya warke a sanƙare. Mu a gida har mun manta. Baba ya ce da wannan hannun ko shekara goma zai yi yana jifa ta sama ba zai daidaita ba, sai dai a sauya hanya. Daga baya matar Baba ta gaya mini ba a kan Tsani ya fara ba. Duk wanda ya sa aka runguma ranar wasa, sai ya neme shi washegari.

"Na ce masa, malam, kai da kanka kake dushe wuƙarka," in ji ta. "Ya ce in ya bar su haka, wasan ne zai lalace. Ni dai ban gane ba, ruwan zafin gwiwa kawai nake dafawa."

A filin da ba kowa, jifan nan na shiga wa Tsani fiye da yadda ya taɓa mafarki. Amma aka yi watanni bai yi shi ko sau ɗaya a gaban jama'a ba. Na tsare shi a shagona na tambaye shi dalili.

"Yaya, jifan tsohuwa fa ake ce masa," in ji shi. "Ƙato kamata, in sunkuya a gaban abokan aikina? Gobe a sashen lodi ina zan sa kaina? Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

"To, zauna," na ce. "In jaririn ya zo sai ka shayar da shi kunya."

Ya yi dariya, amma bai sauya ba. Tsoro na ji sosai a lokacin, don na san halinsa. Tsani zai iya ɗaukar buhu uku a kai, amma dariyar mutum biyu sai ta kayar da shi.

Ana gab da wasan ƙarshe na kakar, kocin masana'anta ya kira shi. Ban ga laifin mutumin ba. Ya ce ɗan wasan da dole a ɓoye shi a benci duk sanda wasa ya yi zafi, ba zai iya riƙe masa gurbi a baɗi ba. In ya sake cire shi a wannan wasan, shi ke nan. Wasan kuwa da ƙungiyar unguwa ne.

Na je da matar Tsani muka zauna a gaba. A raina na ce, ai Baba ya san halin da ake ciki, yau dai zai ɗaga ƙafa. Kyaftin ɗinsa ma haka ya zata, don shi ya ba ni labarin cewa da aka shiga zangon ƙarshe, maki kusan kai ɗaya, ya matsa ya ce, "Baba, yau ma?" Dattijon ya ce, "Me ya sauya? Ku rungume shi."

Aka rungume shi. Ya je layi, ya ɗaga ƙwallo sama yadda ya saba, ƙarfe ya amsa sau biyu. Aka sake. Ɗaya ta daki allon bayan kwando, ɗaya ko zobe ba ta taɓa ba. Na dubi bencin masana'anta, na ga koci ya taɓa kafaɗar wani, yaron ya miƙe ya fara tuɓe rigar sanyi. Matar Tsani ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Na dubi inda Baba yake, na ji da ina kusa da shi da na manta da girman furfura.

Kafin a kai ga sauyin, ƙwallo ta sake zuwa hannun Tsani, aka rungume shi karo na uku. Ya tsaya a layi, alƙali ya miƙa masa. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ware ƙafafu, ya sunkuya.

Filin ya ɗauki dariya. Wani ya yi ihu daga baya, "Kaka ta iso, ku ba ta tabarma!" Har wasu abokan wasansa suka sunkuyar da kai. Ƙwallon ta tashi a hankali, ta faɗa raga ba ƙara. Dariyar ta ragu. Ta biyu ma ta shiga. Yaron da ya tuɓe riga ya tsaya yana kallon kocinsa, koci ya yi masa alama ya dakata.

Kada a zaci Baba ya saduda nan take. Jifa biyu ba su ishe shi hujja ba. Ya sa aka sake kamawa, Tsani ya ci ɗaya ya zubar da ɗaya. Aka ƙara, ya ci duka biyu. A lokacin ne dattijon ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗaga murya yadda duk filin ya ji: "Ku ƙyale shi! Ku tare shi da ƙafafunku!"

Ban taɓa jin yabon da ya kai wannan ba. Tsani ya buga har aka tashi. Ƙungiyar unguwa ce ta ci da ɗan ƙaramin rata, don Baba bai zo don ya faɗi ba. Amma gurbin Tsani ya zauna, aikinsa ma haka. A sashen lodi sun yi mako suna kwaikwayon sunkuyonsa, suka gaji suka bari. Kakar da ta biyo baya masana'anta ta lallasa yaran Baba gida da waje, kuma Tsani ne ya fi kowa ci.

Bayan ya ajiye usur na je gaishe shi a gida. Na same shi a tsakar gida, ƙafa a miƙe a kan kujera. Na ce har yanzu tambayata na nan, kuma ta haifi wata.

"Baba, ranar nan ka san aikinsa ne a kan layi. Don ka tilasta masa ya sunkuya ka yi, ko don ka ci wasa?"

"Don in ci wasa," in ji shi, ko ɗar. "Da na ce a ƙyale shi ma lissafi ne, tsibin ya sauya."

"Da bai sunkuya ba fa?"

"Da mun yi ta rungumarsa har a tashi."

"Ko da zai rasa abincinsa?"

Ya murza gwiwa. Can ya ce, "Da na ɗaga masa ƙafa, wa zai ɗaga masa a wasa na gaba? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, 'yata. Sha ruwa."

To, dabara ce ko ba dabara ba? Ni dai abin da na iya ɗinkawa daga duk wannan shi ne, dabara ce muddin mai jifan bai iya ba, muddin kuma mai yin ta ya san lokacin da zai daina. Tsohon alƙali har yanzu yana nan a kan bakansa cewa tana ɓata wasa, kuma ban iya ce masa ƙarya yake ba. Na bar wa masu ilimin abin su ƙarasa gardamar.

Kai kuwa, Baba, na gode. Na gode a madadin Tsani da matarsa da ɗiyarsu da ta fara rarrafe, da duk wani ƙato da ka sa aka kama da yamma ka bi shi da ƙwallo da safe. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba. Ku kuma masu riƙe da yaran mutane, a fili ne ko a aji ko a shago, ga misali nan a raye, yana zaune a gidansa, kuma ba ya korar baƙo. Ku je ku ɗauki karatun duka, kada ku tsaya a rabi.

Da na tashi tafiya daga gidan Baba ranar, matarsa ta rako ni bakin ƙofa. Ta waiga ta tabbatar ba ya ji, sannan ta rage murya.

"Kada ki biye wa wannan taurin bakin nasa," in ji ta. "Ina bayansa a zaune ranar wasan nan. Yaron nan na ware ƙafa, malam ya sa hula ya rufe fuska. Sai da dariya ta lafa ya juyo ya ce mini, 'Ta shiga?'"

Duk filin nan ba wanda ya kai shi haƙƙin ganin wannan jifa, kuma shi kaɗai ne bai gan shi ba.